Farautar Akwatin Wasiƙa a Tuddan Dartmoor: Ta Ina Ya Kamata Sabon Shiga Ya Fara?

Gabatarwa

Malamanmu na wannan sashe sun sha faɗa mana a darasin al'ada cewa, in kana son sanin halin mutane, to, ka dubi irin wasannin da suke yi idan sun huta. Wannan magana ce ta karkatar da ni zuwa ga wani wasa na mutanen gundumar Devon, a kudu maso yammacin Ingila, wanda ya haura shekara 170 ana yin sa. A taƙaice, wani ne zai ɓoye ɗan akwati a ƙarƙashin dutse a tsakiyar daji, ya sa hatimin roba da ƙaramin littafi a ciki, sa'an nan ya rubuta kwatancen wurin cikin dabara. Wani kuma ya ɗauki kwatancen ya shiga daji nema. In ya dace, sai ya buga hatimin akwatin a littafinsa, ya buga nasa hatimin a littafin akwatin, ya mayar da kome yadda ya tarar, ya kama hanyarsa. Babu kuɗi, babu kyauta, babu alƙalin wasa, babu 'yan kallo. Wannan shi ne abin da na kira farautar akwatin wasiƙa.

Tambayar da wannan maƙala ke son amsawa ita ce, ta ina ya kamata wanda bai taɓa yin wasan ba ya fara? A yau da kusan kowa ke riƙe da wayar da za ta nuna masa inda yake tsaye a doron ƙasa, amsar da za ta fara zuwa zuciya ita ce a nemi lambobin wurin, a bi waya har bakin akwati. A nawa ra'ayin, wanda ya fara ta nan ya saki reshe ya kama ganye. Kamata ya yi ya fara da taswira da kamfas da iya karanta kwatance, ya kuma daɗe yana neman na wasu kafin ya yi tunanin ɓoye nasa. Dalilaina suna tafe, amma sai mun fara sanin wurin da asalin wasan.

Wurin Da Ake Wasan

Dartmoor yanki ne na tuddai da fadamu mai faɗin murabba'in kilomita 954, wanda gwamnatin Birtaniya ta mayar gandun ƙasa a shekarar 1951. Kada mai karatu ya ji an ce daji ya zaci kurmi ne. Mafi yawan tsakiyarsa fili ne fetal, ba itatuwa sai ciyawa da ƙananan tsirrai masu ƙaya, ga tumaki da shanu da ƙananan dawaki suna kiwo sakaka. A kan tuddan akwai tarin manyan duwatsu waɗanda iska da ruwa suka sassaƙa, mutanen wurin suna kiran kowane tari tor, kuma kowanne da sunansa. Yawansu ya haura 160. Tudun da ya fi kowanne tsawo shi ne High Willhays, mai mita 621.

Ruwan sama kuwa ba a magana. A garin Princetown da ke tsakiyar yankin, akan sami wajen milimita 2,000 a shekara, watau wajen ninki biyu na abin da Kano ke samu. Ƙasar tsakiyar dajin baƙa ce, ta samu ne daga ciyayin da suka yi dubban shekaru suna ruɓewa cikin ruwa, saboda haka tana riƙe ruwa kamar soso. Daga cikinta ne kogunan Dart da Taw da Tavy da Teign suka samo tushe. Wani wurin za ka gan shi kore shar kamar shimfiɗa, kana taka shi sai ka nutse har gwiwa ko fiye. Bugu da ƙari, hazo yakan sauko cikin 'yan mintoci, tudun da kake kallo ɗazu ya ɓace ɓat. Dokar da aka kafa a 1985 ta ba jama'a damar tafiya a ƙasa ko bisa doki a filayen kiwon gama-gari na yankin, kuma a irin waɗannan filaye ne mafi yawan akwatunan suke.

Asalin Wasan

A shekarar 1854 wani ɗan jagora mutumin garin Chagford, mai suna James Perrott, ya tara 'yan duwatsu a wani wuri da ake kira Cranmere Pool, ya ajiye kwalba a ciki. Wurin yana can tsakiyar fadamun arewacin Dartmoor, kuma zuwa can a wancan zamani tafiyar yini ce cikin taɓo. Duk baƙon da Perrott ya kai can sai ya jefa katinsa mai ɗauke da sunansa a cikin kwalbar, don ya zama shaida cewa ya iso. Daga baya aka musanya kwalbar da gwangwani, a 1905 aka ajiye littafin sa hannu, a 1937 kuma aka gina ɗan akwatin dutse wanda har yanzu yana nan.

Sunan wasan ya samo asali ne daga wata al'ada da ta biyo baya. Matafiyi zai rubuta kati ko wasiƙa da adireshinsa ko na wani nasa, ya bari a akwatin. Wanda ya zo bayansa, ko bayan kwana uku ne ko bayan wata guda, shi zai ɗauka ya kai gidan waya a garinsu. Mai katin bai san wanda zai ɗauka ba, wanda ya ɗauka kuma bai san mai katin ba. Tun daga tushe, ke nan, an gina wasan ne bisa amanar wanda ba ka taɓa gani ba.

A 1938 aka kafa wani akwatin a Ducks' Pool, a kudancin yankin, don tunawa da William Crossing, marubucin da ya wallafa shahararren littafin jagoran Dartmoor a 1909. Har zuwa 1976, lokacin da Tom Gant ya fitar da wata taswirar jagora, akwatunan da aka lissafa a cikinta 15 ne kacal. Bayan wannan ne abin ya bunƙasa, akwatuna suka kai dubbai. A watan Afrilu na 1998 mujallar Smithsonian ta Amurka ta buga labarin wasan, daga nan ya tsallaka teku ya sami masoya a can ma.

Ina son mai karatu ya lura da abu guda a wannan tarihi. Daga 1854 zuwa 1976 shekara 122 ke nan, amma akwatuna 15 suka ishi mutane. Me ya sa? Domin kwalbar Perrott shaida ce kurum. Abin alfaharin shi ne mutum ya ratsa fadama da hazo ya isa inda ya nufa, ya kuma komo gida lafiya. Wannan ne ma'aunin da zan auna duk shawarar da za ta biyo baya da shi.

Yadda Kwatance Yake Aiki

Kamfas yana raba sararin da ke kewaye da mutum zuwa digiri 360. Arewa ita ce 0, gabas 90, kudu 180, yamma 270. Mai ɓoye akwati yakan tsaya a wani wuri ya auna alƙiblar abubuwa biyu ko uku da ido ke iya hange, ya rubuta. Bari in ƙaga misali na kaina: "Daga dutse mai tsaga, ƙolin tudun da ke gabas yana kan digiri 75, itacen ƙaya guda tilo yana kan digiri 200. Yi taki 30 a kan digiri 310, ka duba ƙarƙashin falalen dutsen da ya jingina da ɗan'uwansa."

Aikin mai nema shi ne ya yi ta matsawa har ya tsaya a inda awon biyu suka dace lokaci guda, watau tudu na kan 75, itace kuma na kan 200. Wuri ɗaya ne tak zai ba da wannan. In ya kuskure kaɗan, sai ya ga ɗaya ya yi daidai ɗaya ya goce, ya san da saura. Daga nan ne zai ƙirga takinsa, sa'an nan ya durƙusa ya duba. Wasu masu ɓoyewa ba sa tsayawa a lambobi, sukan mayar da kwatancen kacici-kacici, su sakaya sunan tudu cikin wasa da kalmomi, ko su yi ishara ga wani labari na yankin wanda sai mai bincike zai gane. A nan ne nake ganin wasan ya shafe mu, mu ɗaliban harshe, domin rubuta kwatancen da ba zai yi ƙarya ba, kuma ba zai tona asiri kai tsaye ba, gwaninta ce ta sarrafa magana.

Dalilin Fifita Taswira da Kamfas

Dalili na farko shi ne, da harshen kamfas aka rubuta kwatancen. Taswirar da masu yawo a Dartmoor suka fi amfani da ita ita ce ta hukumar safiyo ta Birtaniya mai lamba OL28, wadda santimita 4 a kanta ke wakiltar kilomita 1 a ƙasa. In an ba ka lambar wuri mai alƙaluma shida, abin da ta nuna maka shi ne fili mai tsawon mita 100 da faɗin mita 100, watau hekta guda. A cikin hektar nan ana iya samun duwatsu ɗaruruwa, akwatin kuwa sau da yawa bai wuce girman gwangwanin madara ba. Ko waya ta kawo ka cikin filin, ba za ta gaya maka wane ne dutse mai tsaga ba, ko wane falale ne ya jingina da ɗan'uwansa. Wannan aikin ido ne, ido kuwa sai da horo.

Dalili na biyu ya shafi rai. Waya tana nuna maka inda kake da inda za ka, ta ja miƙaƙƙen layi a tsakani. Ba ruwanta da cewa layin nan ya bi ta tsakiyar fadama, ko ya tsallaka rafin da ya cika ya batse saboda ruwan daren jiya. Mai karanta taswira kuwa yana ganin alamar fadama tun yana gida, yana ganin inda layukan tudu suka matsu da juna ya san gangare ne mai tsanani, sai ya zaɓi zagaye. Har ila yau, sanyi yana saurin cinye batir, gilashin waya kuma ba ya jin yatsa sosai in ya jiƙe. Wanda bai iya kome ba sai bin waya, ran da ta mutu masa cikin hazo, ya zama makaho ba sanda.

Dalili na uku shi ne wanda na fi ba muhimmanci. Mai bin kwatance dole ya ɗaga kai. Dole ya san sunan tudun da ke gabansa, ya bambanta shi da na kusa da shi, ya lura da siffar dutse da inda ruwa ke gangarawa. Bayan shekara guda yana haka, zai tarar ya san yankin kamar yadda makiyayi ya san burtalinsa. Mai bin waya kuwa kansa na sunkuye, zai iya tara hatimi hamsin bai iya kiran sunan tudu biyar ba. An ce tafiya mabuɗin ilmi, amma fa ga wanda ya buɗe ido.

To, na san akwai masu ja da wannan ra'ayi, kuma hujjojinsu ba na yarwa ba ne. Za su ce in kiɗa ya sauya, rawa ma sai ta sauya. A watan Mayu na 2000 gwamnatin Amurka ta daina rage ingancin saƙon taurarin ɗan'adam masu nuna wuri ga farar hula, kuma cikin 'yan kwanaki wani mutum a jihar Oregon ya ɓoye bokiti a daji ya sanar da lambobin wurin ta intanet. Daga nan wani sabon wasa ya tashi na neman ɓoyayyen kaya da na'ura, ya game duniya, ya fitar da matasa da yawa daga ɗaki zuwa daji, har a Dartmoor ɗin ma. Za su ƙara da cewa shi kansa kamfas ba ma'asumi ba ne, domin arewar da tsinkensa ke nunawa tana gusawa a hankali shekara bayan shekara, ta yadda awon da aka rubuta shekara 30 da suka wuce zai goce da 'yan digiri a yau. Sa'an nan za su ce waya ta ceci rayuka da dama.

Duk wannan gaskiya ne. Ban ce a bar waya a gida ba. A cika ta da caji, a ƙulle ta cikin leda, a sa a jaka domin ranar wuya, lokacin da za a bukaci kiran lamba 999 don a turo 'yan sa kai masu aikin ceto. Batun gusawar tsinken kamfas kuwa, ai shi ma darasi ne: mai nema ya dubi shekarar da aka rubuta kwatance ya yi gyara, kamar yadda mai nazarin tsohon rubutu yake la'akari da zamanin marubuci. Shi kuma wasan na'ura, wasa ne mai zaman kansa, da nasa daɗin. Abin da nake cewa shi ne, wanda ya zo farautar akwatin wasiƙa ya bar waya ta yi masa nema, ya biya kuɗin mota ne zuwa makaranta ya tsaya a bakin ƙofa.

Matakan Farko

Ba a fafe gora ranar tafiya. Abu na farko da sabon shiga zai tanada shi ne hatiminsa na kansa, domin shi ne sa hannunsa. Yana iya sayen na kanti, amma da yawa sukan sassaƙa nasu da 'yar wuƙa a jikin robar goge rubutu, su zana wata alama tare da laƙabin da suka zaɓa wa kansu. Sai littafi mai farar takarda marar layi, da soson tawada, da biro, duk a cikin leda saboda ruwa. Soson tawada wajibi ne, domin ba kowane akwati ke da shi ba.

Na biyu, ya koyi kamfas tun a gari. Ya shiga filin wasa ko lambun shaƙatawa ya auna alƙiblar itace ko sandar lantarki, ya je can, sa'an nan ya koyi komowa ta hanyar ƙara ko rage digiri 180. Ya kuma auna mita 100 ya ƙirga takin da zai kai shi, domin takin dogo dabam, na gajere dabam, kuma taki a hawa ba daidai yake da taki a gangara ba. Ya tuna cewa ƙarfe da waya suna karkatar da tsinken kamfas in suna kusa da shi.

Na uku, ya nemi kwatance mai sauƙi. Hanya mafi dacewa ita ce takardun kwatance da wasu ke sayarwa don tara wa ƙungiyoyin taimako kuɗi. Irin wannan takarda takan ƙunshi jerin akwatuna a kan hanya guda ta 'yan mil kaɗan, waɗanda aka ajiye na ɗan lokaci, kuma galibi kwatancensu a fili yake. Masu wasan suna da al'adar taruwa sau biyu a shekara, a ranakun Lahadin da ake sauya agogo a Birtaniya, watau ƙarshen Maris da ƙarshen Oktoba, kuma a nan ake samun irin waɗannan takardu da kundin kwatance, a kuma gana da tsofaffin hannu.

Na huɗu, kada ya fita shi kaɗai a karon farko. Da ɗan gari akan ci gari. Yini guda tare da wanda ya shekara goma yana nema ya fi karatun wata guda, domin shi zai nuna maka irin ramin da akan sa akwati da irin wanda ba a sawa. Ya fara da tuddan da ke kusa da titi, a rana mai haske. Cranmere Pool, ko da yake shi ne uban akwatuna, ba wurin sabon shiga ba ne. Ya bar shi sai ƙafa ta yi ƙwari, ido ya waye.

Daji Ba Ya Wasa

Akwai haɗarin da ya keɓanta da Dartmoor wanda dole a ambata. Sojojin Birtaniya suna da filayen koyon harbi guda uku a arewacin yankin, watau Okehampton da Merrivale da Willsworthy, kuma Cranmere Pool kansa yana cikin na Okehampton. An kafa sanduna masu launin ja da fari a kan iyakokinsu. Ranar da ake harbi akan ɗaga jajayen tutoci da rana, a kunna jajayen fitilu da dare, kuma akan sanar da ranakun tun kafin lokaci. Wajibi ne mai nema ya duba wannan sanarwa kafin ya fita. In ya ga wani ƙarfe a ƙasa, kada ya taɓa, domin yana iya zama harsashin da bai fashe ba. Wannan ne ma ya sa ƙa'idar wasan ta hana amfani da akwatin ƙarfe, kada wata rana wani ya ɗauki abin hallaka yana zaton akwati ne.

Ban da wannan, ya sa takalmi mai ƙwari da rigar ruwa ko da gari ya waye garau, ya ɗauki abinci da ruwa da tocila da usur. Ya gaya wa wani inda za shi da lokacin da zai dawo. Kada ya zura hannu a rami bai duba ba, domin akwai maciji mai dafi a yankin, ya kuma duba jikinsa da yamma saboda kaska, wadda cizonta ke iya jawo ciwo. In hazo ya sauko kuma akwati saura taki hamsin, ya haƙura ya juya. Akwatin na nan gobe.

Batun Amana

Yanzu sai in koma ga rabin ra'ayina na biyu, watau a daɗe ana nema kafin a ɓoye. Dartmoor cike yake da kufai na mutanen da suka zauna a can shekaru dubu uku zuwa huɗu da suka wuce. Akwai dubban da'irori na harsashin bukkokinsu, kamar na Grimspound mai bukka 24 cikin ganuwa guda, akwai jerin duwatsun da suka kakkafa kamar na Merrivale, akwai kuma kaburbura. A 2011 masu binciken kayan tarihi suka buɗe wani kabari a Whitehorse Hill, ba nisa da Cranmere Pool, suka tarar da tokar gawa a naɗe cikin fatar dabba, tare da kwando da duwatsun ado. Baƙar ƙasar nan ce ta adana su duk tsawon wannan zamani. Ga idon sabon shiga, irin wannan wuri tarin duwatsu ne kawai mai daɗin ɓoye akwati. In ya sa nasa a can, mutum ɗari za su zo su ɗaɗɗaga duwatsun suna nema, abin da ya shekara dubbai a zaune ya watse cikin damina ɗaya.

Saboda haka ne masu wasan da hukumar gandun suka yarda da wasu ƙa'idoji. Ba a ajiye akwati a cikin kufai ko kusa da shi, ko a jikin ganuwa ko gini. Ba a ajiye shi inda mai nema zai shiga haɗari, ko inda za a ɓata ƙasa da tsirrai, ko a dami tsuntsayen da ke ƙwai a ƙasa. Ba a kafe shi da siminti. Wanda ya ajiye kuma shi ke da alhakin leƙa shi, ya sauya littafi in ya cika, ya ɗauke shi in ya gaji. Waɗannan abubuwa suna da sauƙin karantawa, amma gane kufai daga tarin duwatsu na banza sai wanda ya daɗe yana yawo.

Mai nema ma da tasa amanar. Ba a haƙa, ba a tumɓuke ciyawa, ba a rushe duwatsu, domin akwatin da aka ɓoye bisa ƙa'ida ba ya bukatar ko ɗaya daga cikin waɗannan. In an samu, a rufe shi da kyau kada ruwa ya shiga, a mayar da shi daidai inda yake, a kuma faki idon masu wucewa. Hatimin da ke ciki ba na ɗauka ba ne. Wannan ya zama abin jan kunne musamman tun da wasan na'ura ya zo, domin a can al'adar ita ce ka ɗauki wani abu ka bar wani, har wasu kan ɗauke hatimi bisa rashin sani. Hatimin nan kuwa wataƙila wani ya yi dare uku yana sassaƙa shi, kuma in ya tafi, akwatin ya mutu.

Kada Ƙidaya Ta Ruɗe Ka

Akwai wata ƙungiya ta masu wasan da ake kira ƙungiyar 100, wadda duk wanda ya nuna shaidar hatimi 100 yake samun bajenta. An yi zamanin da sai ka cika wannan adadi kafin a sayar maka da kundin kwatance. Wasu na ganin wannan rowa ce. Ni kuwa ina ganin hikimar da ke ciki, domin kafin mutum ya samo akwati 100 da ƙafarsa da idonsa, ya riga ya san fadama, ya san kufai, ya san hazo, ya cancanci a ba shi sirri. Illar ita ce in ƙidaya ta zama ita ce manufa. Mai haɗamar adadi shi ne mai gaggawa, mai gaggawa kuwa shi ne mai barin murfi a buɗe, mai ɗaga dutsen da bai kamata ba, mai ƙin juyawa in hazo ya sauko. Sannu ba ta hana zuwa. Wanda ya yi yini guda ya sami akwati biyu, ya kuma koyi sunan tudu uku, ya fi riba bisa wanda ya sami ashirin bai san inda ya bi ba.

Kammalawa

A cikin wannan maƙala na yi ƙoƙarin nuna cewa farautar akwatin wasiƙa ta tsayu ne bisa abu biyu tun daga kwalbar 1854, watau iya ratsa daji da sanin kai, da riƙe amanar wanda ba ka sani ba. Duk shawarar da na bayar daga nan ta fito: a koyi taswira da kamfas kafin a dogara da waya, a bi tsofaffin hannu, a fara daga kusa, a kiyaye tutocin soja da kufan mutanen da, a kuma jinkirta ɓoye akwati har sai an san ƙasar. Ɗan'uwa ɗalibi da karatu zai kai shi Exeter ko Plymouth, biranen da ke gefen wannan daji, in ya sami Asabar mai haske, ya nemi robar goge rubutu ya sassaƙa hatiminsa, ya sami abokin tafiya, ya gwada. In ya dawo da hatimi ɗaya tak a littafinsa da taɓo har gwiwa, to, ya fara daidai. Inda na yi kuskure kuwa, ina sauraron gyara daga malamaina da 'yan'uwana ɗalibai.